Wayar Surukata da Rautar Gidana

Rautar gidanmu 'yar ƙaramar aba ce fara mai ƙaho biyu. A kasuwar waya ta Farm Centre na sayo ta, na kafa mata ƙusa a bangon falo, can sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Ta daɗe tana raba mana intanet lami lafiya. Ni ina ƙarasa aikin ofis da daddare, uwargida tana tallar atamfa da turaren wuta a WhatsApp, ɗanmu Sadiku kuma kullum cewa yake darasi yake dubawa, ko da yake ban taɓa jin darasin da ake ihun an ci ƙwallo a cikinsa ba.

Kwatsam sai ta koyi suma. Fitilunta su yi ta ƙyaftawa kamar da gaske, amma ko gaisuwa ka tura ba za ta fita ba. Can sai ta ɗauke ɗif, ta farfaɗo, ta sake faɗuwa. Na fara zargin wuta, na saya mata ƙaramin batir. Ba ta daina ba. Na koma kan zafi, domin a watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. Na ɗauko 'yar fankar caji na saita mata. Uwargida ta tsaya ta dube ni, ta dubi fankar.

"Baban Sadiku, shekara nawa ina zufa a kicin ɗin nan, ko mafici ba ka taɓa miƙo mini ba."

Na ce mata wannan maganar fasaha ce. Ta ce ta ji.

Daga nan na juya kan maƙwabta. Akwai wani saurayi da kullum da yamma yake jingina da katangarmu yana latsa waya yana murmushi. Na canja kalmar sirri, na sa wata mai tsawon gaske, haɗe da lambobi da sunan ƙauyen kakana. Saurayin bai fasa jingina ba, bai fasa murmushi ba. Daga baya na ji ashe ƙanwar matar gidan da ke kallonmu yake jira.

Sadiku ne ya warware zaren, a kan tabarmar cin abinci, bakinsa cike da tuwo.

"Baba, ai duk ranar da Hajiya ta zo ne take mutuwa."

Falon ya yi tsit. Hajiya mahaifiyar uwargida ce, takan zo daga Rano duk bayan 'yan kwanaki ta ga jikoki. Uwargida ta ajiye cokali a hankali, ta ce, "Wato yanzu uwata ce ke kashe muku akwati?" Na ce Allah ya kiyaye, yaro ne da shirme. Amma da na kwanta na yi lissafi, sai na ga shirmen yaron ya fi binciken babansa.

Washegari na naɗe rautar a leda na kai wa wani mai gyara. Ya jona ta da kwamfutarsa, ya duba, ya ce, "Alhaji, lafiyarta ƙalau. Waye yake zuwa gidanka da waya cike da bidiyo?"

Na ce wata babbar baƙuwa ce.

Ya yi dariya, ya ja mini kujera. Ya ce yawancin wayoyin zamani an saita su ne su riƙa tattalin data. Manyan ayyuka, irin su sabunta manhajoji da kwafe hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet, sai su jinkirta su har ranar da suka samu wayfai. Wayar da ke zaune inda babu wayfai tana iya tara aikin wata da watanni. Da ta shigo gida ta ji ƙamshinsa, tun mai ita ba ta gama sallama ba, ta fara kwasa da turawa daga cikin jaka. Hanyar tura kaya kuwa ta fi ta saukewa ƙunci, kuma idan ta cushe kowa ya tsaya, domin ko mai kallon bidiyo sai wayarsa ta riƙa aika 'yar amsa cewa saƙo ya iso. Ga shi kowace hulɗa da waya ta buɗe sai rauta ta rubuta ta a ƙwaƙwalwarta, wadda a irin tawa megabayit 64 ce kacal, alhali wayar da ke aljihuna gigabayit 4 gare ta.

"Kamar mai rabon abinci ce a gidan biki, ludayi ɗaya gare ta," in ji shi. "Sai ga mutum guda ya zo da kwano ɗari."

Ya ƙara da cewa in gode wa Allah, tawa mai sauƙi ce. A watan Janairun 2018 mutane a Amurka da wasu ƙasashe sun yi ta kukan rautocinsu na faɗuwa, sai aka gano wani kuskure ne a manhajar da wayoyin Android ke amfani da ita wajen neman na'urorin Chromecast da Google Home. A ƙa'ida wayar kan yi cigiya sau ɗaya duk daƙiƙa 20. Amma idan ta yi barci ta farka, sai ta amayo duk cigiyar da ta tara a lokaci guda, wani lokaci saƙo fiye da 100,000, kuma gwargwadon tsawon barcin gwargwadon yawan aman. Kamfanin TP-Link mai ƙera rauta ne ya yi bayanin, Google kuma ya fitar da gyara a cikin watan. Na ce to su can sun san ofishin da za su kai ƙara. Ni wa zan kai wa ƙarar Hajiya?

Nan fa gizo ke saƙar. Ni da Hajiya ko ido ba ma haɗawa. Daga bakin ƙofa nake durƙusawa in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, in tashi in ba ta wuri. Mutumin da bai taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba, ta yaya zai buɗe baki ya ce, Hajiya, a ba ni wayarki in bincika? Kuma wayar ba ƙaramar taska ba ce. Babu bikin da aka yi a dangi, daga kamu zuwa buɗar kai, da ba ta ɗauka ba, ga wa'azozi, ga bidiyon jikoki tun suna rarrafe.

Mai gyaran ya nuna mini wata dabara. Kowace waya tana da lambar shaida da rauta ke gane ta da ita, kuma ana iya shiga saitin rauta a hana wata lamba shiga. Babu faɗa, babu magana. Na koma gida na aikata da tsakar dare, ina waige-waige a falona na kaina.

Zuwan Hajiya na gaba, intanet ya yi ta gudu kamar ba gobe. Ina ɗaki ina jin daɗin duniya sai uwargida ta leƙo.

"Baban Sadiku, Hajiya ta ce wayarta ta ƙi kamawa. Ta ce tunda kai ne ɗan boko, a kawo maka ka duba."

Ta ajiye mini wayar a kan gado, an naɗe ta a gefen mayafi. Ban gama haɗiye yawu ba sai ga Sadiku ya shigo, ya rufe ƙofa da bayansa. Yaron nan shi ya ba Hajiya sabuwar kalmar sirrina tun farko, ta hanyar nuna mata wani tambari mai ɗigo-ɗigo a fuskar wayar uwarsa, abin da wayoyin Android suka iya tun 2019. Ya san komai.

"Baba, na ga sunan wayar Hajiya a jerin waɗanda aka toshe."

Na ce ya rage murya.

"Matata ce fa," in ji shi, don haka suke wasa da kakarsa. "Ba na ɓoye mata magana."

Muka yi ciniki a tsaye. Ya fara da sabon takalmin ƙwallo, muka daidaita a kan tsire da lemo, da alkawarin ba zan sake tambayar wane darasi yake dubawa ba har ƙarshen zango.

Na cire toshewar. Sannan na aika uwargida ta roƙi Hajiya ta bar wayar ta kwana a wurina, wai gyaran mai tsawo ne. Na kashe wayfai a duk sauran wayoyin gidan, na jona tata a caji, na saita wa rauta fankarta, na zauna gadi. Ta suma, na tashe ta. Ta sake suma, na sake tashinta. Wajen kiran assalatu bikin ƙarshe ya haye, tare da kusan duk datar da na saya ta wata guda. Tun daga ranar, ko Hajiya ta zo rauta ba ta ko tari, domin abin da ke taruwa tsakanin zuwa da zuwa bai taka kara ya karya ba.

Hajiya ta yi murna ƙwarai. Ta cikin labule na ji tana sa mini albarka, tana cewa wayar har sauƙi ta ƙara a hannu. Ta aiko mini da kwalbar man shanu.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya ina dawowa daga masallaci na tarar da takalman mata sun cika ƙofar falo. Uwargida ta tare ni a tsakar gida da wata jakar leda mai nauyi, tana danne dariya.

"'Yan adashin su Hajiya ne. Ta ba su labarinka. Sun ce ba sauri suke ba, za su kwana."