Motar Iyalin da Ta Ƙi Zuwa Gida

A Kelle, in aka ce wane ya sayi mota, ba a tambayar wace iri. Ko Land Cruiser ce ko Hilux, masu dogayen ƙafafu, waɗanda suka saba da duwatsun Kutus da rairayin arewa. Ni kuwa na ce motar iyali nake so: mai kujera bakwai, mai ƙofar da ake ja gefe, wadda uwargida za ta shiga ba sai an ajiye mata turmi ta taka ba. Na kai bijimaina kasuwar Gidigir na sayar, na ƙulle miliyan uku da jika ɗari biyu a lalita, na yi shirin Damagaram.

Daren tafiya kawuna ya kira ni zaure. Ko keke bai taɓa mallaka ba, amma ya tsufa a cinikin raƙuma, kuma a wurinsa duk abin da ke da ƙafa huɗu hukuncinsa ɗaya. "Ɗana," in ji shi, "kada ka sa rigar Sallah. Kada ka tsaya gaban wadda kake so, tsaya gaban maƙwabciyarta. Ka kushe ta kafin ka taya. In ya ce albarka, juya ka tafi, kada ka waiwaya. Shi zai biyo ka da gudu."

Na shiga wurin masu motoci da wata tsohuwar taguwa wadda ko almajiri sai ya yi shawara kafin ya karɓa, da bakanikena a baya. Ban gama sallama ba dillali ya taso da hannu biyu. "Maraba da mutanen Kelle! Alhaji, ai an ce bijiman sun yi kuɗi." Ashe dillalin shanun Gidigir ƙanin matarsa ne, kuma waya ta riga motar haya isowa.

Duk da haka na bi umarnin Kawu. Na tsaya gaban wata Picnic ina ɗaure fuska, ina satar kallon wata Sienna mai ruwan toka. Dillali ya ce, "Bar wannan, Alhaji, ga wadda kake so can."

Bakaniken dai ya ci kuɗin aikinsa. Ya fara dafa inji ya ji ko da ɗumi, don motar da aka ɗumama kafin mai saye ya zo tana ɓoye tarinta. Ya sa aka tayar, ya tsuguna a baya yana duban hayaƙi: shuɗi na nufin tana shan man inji, fari mai kauri na nufin ruwa ya shiga inda ba a gayyace shi ba. Ya buɗe murfin man, ya duba ko akwai farar kumfa. Ya gwada lambar jikin motar da ta kart giris, harafi da harafi, sannan ya ce a kawo takardar duwan, domin mota mai araha wadda ba a biya wa duwan ba tsadarta tana jiran ka a shingen farko. Ya kuma nuna mini cewa ƴar Amurka ce, lissafin tafiyarta da mil ne, kowane mil kilomita 1.6. Abin da na ɗauka budurwa, sai ga ta da jikoki.

Ya ɗago daga ƙarƙashinta yana kakkaɓe wando, ya ce, "Inji lafiya lau. Amma cikinta a ƙasa yake, kuma ƙafafun gaba kaɗai ke ja. Ina za a kai ta?" Na ce masa aikinsa inji ne, hanya kuma ta Allah ce.

Aka zo ciniki. Dillali ya ce miliyan huɗu, ya haɗa da wa'azi: tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, motocin da ke sauka Kwatano su shigo ta Gaya sun koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗi ya ƙaru. Gaskiya ya faɗa, sai dai ƙurar da ke kan wannan motar ta girmi rufe iyakar. Na kushe fenti, na kushe tayoyi, na taya miliyan biyu da rabi.

"Albarka."

Na juya na tafi. Ban waiwaya ba. Na rage sauri don in ba shi dama. Na tsaya na gyara takalmi, alhali silifa ne. Na kai bakin titi na sayi ruwan leda na shanye, ina kasa kunne. Babu mai gudu. Da rana ta fara dafa mini ƙeya, na koma na ce na manta hulata. Dillali ya dubi kaina, inda hular take zaune, ya ce, "Ai ga ta nan mun ajiye maka, Alhaji. Zauna a kawo shayi."

Kafin kofi na uku an sallama mini a miliyan uku da jika ɗari. La'adarsa da sallamar bakanike suka cinye saura, ban da abin da zai sayi mai. Har yau ina cewa na ci ciniki, don na karya jika ɗari tara. Kawu ne ke mamakin yadda farashin ƙarshe ya zo daidai bakin lalitata.

Daga Damagaram zuwa Gure, kusan kilomita 160 a kan kwalta, na yi sarauta. Na wuce Mirya da Gidimuni ina ɗaga wa mutanen da ban sani ba hannu. Abu ɗaya ya dame ni: injin mai silinda shida ne, kuma allurar mai tana sauka kamar guga a rijiya. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 tana tace ganga dubu ashirin a rana, na fara tunanin ko za ta ishe mu mu biyu.

Da muka bar kwalta muka yi arewa, rairayi na farko motar ta wuce da addu'a. Na biyu ta kwanta a kai da cikinta, ƙafafun gaba suna ta tona kabari. Muka rage iskar tayoyi, muka shimfiɗa rassa, muka sa tabarmar sallar bakanike. Wata Hilux ta wuce da mutum kusan ashirin da awaki a bayanta, duk suka yi mana sannu, har awakin. A ƙarshe wani mai amalanke ya kwance shanunsa biyu ya ɗaura mata igiya. Ya tambaye ni, "Gaba ko baya?" Na dubi abin da ke gaba, na ce baya.

Yanzu tana Gure, a ƙofar gidan ɗan baffana, ƙarƙashin bedi. In iyali na son shan iska, sai mu hau bayan Land Cruiser ranar kasuwa mu je Gure, uwargida ta taka turmi kamar kullum, sannan mu shiga motarmu mu zaga gari mu dawo. Ɗan baffan nawa ya ce mota ba ta son zama, don haka yana kai ƴaƴansa makaranta da ita kowace safiya. Jiya ya aiko a ce mini tayoyin baya sun gaji, in turo jika tamanin.