Mun Sha Gishiri, Mun Guji Allura

Mu fa a unguwar nan, in aka ce sabuwar cuta ta ɓulla, ba ma fara tambayar yadda take kama mutum. Tambayarmu ita ce, wa ya faɗa? In Yaya ce ta bugo waya daga Kaduna, magana ta zauna. In kwamishina ne ya faɗa a rediyo, sai a taɓe baki a ce bari dai mu gani.

Ku tuna shekarar Ebola, 2014. Wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Legas da ita a watan Yuli. Duk faɗin Nijeriya mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, tsakanin Legas da Fatakwal. Ko ƙofar Kano ba ta leƙo ba. Amma wani dare a watan Agusta wayoyi suka hau ruri tun kafin assalatu: a tashi, a ɗora ruwa, a zuba gishiri, a yi wanka a kuma sha kafin rana ta fito. Gida-gida sai ƙarar bokiti da kukan yara, gishiri na shiga musu ido. Gwaggo mai fama da hawan jini ta shanye kofi guda tana yamutsa fuska, don 'yarta ce ta bugo, kuma 'yarta ba za ta cuce ta ba. Namijin goro ma ya yi tsada, don an ce shi ma magani ne. A wasu jihohi an kwantar da mutane asibiti saboda gishirin, har da waɗanda suka rasu. Abin da ya tare cutar kuwa daban ne: likita Stella Adadevoh da ta hana Sawyer fita daga asibiti, ta kuma rasa ranta, da ma'aikatan da suka bi sawun duk wanda ya taɓa mara lafiya.

Da korona ta zo a 2020 sai muka juya. Wadda ta shigo har cikin zaurenmu ita muka raina. Ciwon masu hawa jirgi ne, zafin ranarmu zai ƙone ta, kuɗi gwamnoni ke nema. Aka sa kulle a Kano cikin Afrilu, ga azumi ya kawo kai. Ban ga laifin mai turin baro da ya fita ba, wanda sai ya samo za a ɗora tukunya. Amma mu da ke da hatsi a ɗaki fa? Takunkumi a ƙasan haɓa, ana ganin jami'i a ja shi sama, a wuce a sauke. Ranar da aka sassauta kulle, kasuwa ta cika ba masaka tsinke. A makonnin nan ne dattawa suka yi ta tafiya, masu haƙar kabari suka ce aiki ya fi ƙarfinsu. Muka ce zazzaɓi ne, muka ce zafi ne da azumi. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwa 979, kuma rabi ko fiye na da alaƙa da korona. Muka ji, muka koma kan suracen tazargade da lemon tsami.

Allura ta iso a Maris 2021, jita-jita kuma ta riga ta isowa: tana hana haihuwa, wanda aka yi wa ba zai shekara biyu ba. Alhaji na bakin layi ya rantse ba allurar da za ta taɓa damtsensa. Da Saudiyya ta ce ba Umara ba Hajji sai da shaidar allura, shi ne na gaba a layi, da hannun riga a naɗe. Yau shekaru sun wuce, yana nan da ransa, har an yi masa suna sau biyu.

Sai dai kada a ce jahilci ne kawai, don tsoron nan yana da tushe. Baba mai shayi ya taɓa ce mini, "Ɗana, matata ta yi naƙuda aka ce in sayo safar hannu da ruwan ƙari. Jikana ya yi zazzaɓin cizon sauro aka rubuta mini magani in je kemis. To wace ƙauna ce ta sa wannan kaɗai ake biyo ni da ita har gida kyauta?" Tambaya ce ta mai hankali, kuma ba a cika tsayawa a ba shi amsa ba. Ga kuma 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da wannan tabon aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, sai a 2004 aka dawo da shi bayan an samo maganin daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, ta bar mana yara da ke jan ƙafa har yau.

Abin da ya gyara lamarin bai wuce sanin fuska ba. Sarakuna suka ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a, masu unguwanni suka shiga gaba, aka ɗauki matan layinmu aikin shiga gida-gida, waɗanda suka shanye suka fito a kan kekunansu suna cewa ku dube mu. A Agusta 2020, muna tsakiyar musun korona, aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna.

Ni abin da ke ci mini rai shi ne mashaƙo. Ba sabuwar cuta ba ce, rigakafinta kuma na cikin allurar da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14, kyauta, a ƙaramin asibitin unguwa. Duk da haka a 2023 ta mamaye Kano fiye da kowace jiha, kuma yawancin yaran da ta kama ba su cika allurarsu ba. Sai da aka ga yaro wuyansa a kumbure yana kokawa da numfashi, sannan iyaye mata suka yi ta tururuwa da goyo.

Har yanzu ana wannan jayayya a gidan da ke kallon namu. An yi wa jaririnsu allurar farko, ya kwana da zafin jiki yana kuka, uban ya ce an gama. Uwar ta je ta samu surukarta, ta ce, "Hajiya, don Allah ki sa baki, ma'aikaciyar ta ce zafin kwana ɗaya ne ko biyu, kuma saura biyu a cika." Hajiya ta ce za ta yi masa magana in ya dawo daga kasuwa. Uban ya ce zai yi tunani. Yaron ya shiga wata na biyar.