Masu Zuwa Kallon Ludlow Iri-Iri Ne

Ludlow ƙaramin gari ne a yankin Shropshire, can yammacin Ingila, dab da iyakar Wales. Mutanensa sun ɗan haura 10,000, amma gine-ginen da hukuma ta rubuta ta hana a taɓa su ba tare da izini ba sun kusa 500. Ga rusasshiyar fada bisa tudu, kogin Teme yana zagaya gindinta, ga cocin St Laurence da doguwar hasumiyarsa, ga kasuwa tana ci a filin ƙofar fada. Su gine-ginen suna nan inda aka bar su, ba ruwansu da kowa. Masu zuwa kallonsu ne suka fi ba da nishaɗi, in mutum ya samu benci ya zauna.

Wanda yake fara isowa, tun ba a buɗe ƙofa ba, shi ne Malam Na-Riga-Ka-Sani. Littafi ne a hammatarsa, gefen shafukan duk ya sha fensir. Yana biyan kuɗin ɗan jagora, kuma ba don a koya masa komai ba, sai don ya samu wanda zai yi wa gyara. Da ɗan jagora ya ce Normawa ne suka kafa fadar bayan sun ci Ingila a 1066, sai ka ji gyaran murya daga baya: iyalan de Lacy dai, a faɗi sunansu. Abin haushin shi ne bai cika yin kuskure ba. Labarin da ya fi so ma labari ne mai daɗi. A wannan fada Yarima Arthur, magajin Sarki Henry na Bakwai, ya rasu a watan Afrilun 1502 yana ɗan shekara 15, watanni kaɗan bayan an ɗaura masa aure da Catherine ta Aragon. Ƙanensa ya gaji sarauta ya kuma auri matar, shi ne Henry na Takwas, wanda daga baya neman rabuwa da ita ya raba Ingila da Fafaroma. Ka ga kenan rashin lafiyar yaro guda a wani ɗaki mai sanyi a Ludlow ta juya tarihin ƙasa. Sai dai Malam ba ya zaɓar wurin ba da labarin. A layin banɗaki yake tsare mutane da shi, matarsa tana gefe tana duba agogo, don ta ji shi a mota, ta ji shi jiya da dare.

Mai hoto kuwa bai san waye Arthur ba, bai kuma tambaya ba. Inda za ka same shi shi ne tsakiyar titi, gaban otal ɗin Feathers, gidan katako mai sassaƙa tun daga ƙasa har sama, wanda wani lauya, Rees Jones, ya gina a 1619 don gari ya san shari'a ta karɓe shi. Shekaru sun sa ginin ya ɗan karkata, shi kuma mai hoto yana ta karkata waya yana neman ya miƙar da shi. Yana jiran motar kaya ta matsa, tana matsawa wata ta tsaya. Ba zai shiga ciki ba ko da ruwan shayi.

Sai jarumin hasumiya. Yakan shigo coci da ƙarfinsa, ya ji an ce hasumiyar ta kai mita 41, matakalarta wajen 200, ya ce wannan ai wasan yara ne. A matakala ta hamsin surutu ya ƙare. A ta ɗari ya fara tsayawa, wai yana nazarin duwatsun bango. Hanyar murɗaɗɗiya ce ƙunci gare ta, in mai hawa ya haɗu da mai sauka sai kowa ya manne da bango yana ba ɗan'uwansa haƙuri, Turawan Ingila kuwa in an zo wajen ba da haƙuri ba mai yarda a riga shi gamawa. A sama zai hango tsaunin Clee da rufin gari gaba ɗaya, ya yi minti uku, ya sauko gwiwa na rawa, ya wuce waje neman wurin zama. Da haka yake wuce abin da ya fi komai daɗin kallo a cocin. A ƙarƙashin kujerun limaman coci akwai wasu 'yan katakai da aka sassaƙa tun ƙarni na 15, wurin da mai doguwar tsayuwar ibada zai ɗan jingina ba a gane ba. Masassaƙan sun san ba kowa ke leƙa wurin ba, sai suka saki hannu. A jikin ɗaya an sassaƙa wata mai sayar da giya da ta saba tauye mudu, shaiɗan ya saɓe ta a kafaɗa zai kai ta wuta, mudun ha'incin yana hannunta. Sai ka durƙusa sosai kafin ka gan ta, shi kuwa jarumi gwiwarsa ta riga ta ƙi.

Acici a watan Satumba yake zuwa, lokacin bikin abinci da garin ya fara a 1995, wanda ake kafa rumfunansa a harabar fadar. Zai ɗanɗani cuku kala goma, ya sayi ɗaya. In ka tambaye shi yadda ya ga fadar da aka fara nuna wasan Comus na John Milton a 1634, sai ya ce wace fada? A cikinta ya wuni, bangonta ya jingina da shi ya ci abinci.

Mai neman fatalwa ba ya ɗaukar lokaci. An ba shi tatsuniyar Marion, wadda aka ce ta zura wa saurayinta igiya ya hau fadar, shi kuma ya shigo da mayaƙa, ta kashe shi da takobinsa ta faɗo daga hasumiya. Duk iskar da ta kaɗa, Marion ce. Tantabara ta tashi, Marion ce.

Wanda nake tausayi shi ne direban da ya bi umarnin taswirar waya har ta kai shi Broad Gate, ƙofa ɗaya tilo da ta rage cikin bakwai na ganuwar garin. An yi ta ne a ƙarni na 13 don doki da amalanke, mota ɗaya take ɗauka, ita ma da lallami. Mu a Kano da mota ta zo, ƙofofin ganuwa aka faɗaɗa mata. Su a nan motar aka ce ta tsuke. Ga shi nan ya naɗe madubai, matarsa ta fita tana yi masa alama da hannu, yana leƙowa yana cewa ta daina ɗaga masa hankali, mutum shida sun tsaya suna ba da shawara iri shida.

Akwai kuma wanda ya zo kallo daga Landan ya ƙi komawa. Ya yi ritaya, ya sayi gidan jan bulo a Broad Street, sannan ya gano gidan yana cikin rubutattun nan, ko taga ba zai sauya ba sai da izinin hukuma. Shekarar farko wasiƙun koke yake rubutawa. Shekara ta biyu ya shiga kwamitin kare tsofaffin gine-gine, yana hana maƙwabci fentin ƙofa. A ta uku shi ne ya fi kowa ƙorafin baƙi sun cika gari.

Ɗan asalin garin yana bayan teburinsa a kasuwa yana auna tumatir. Fadar tana bayansa, taku kaɗan, rabonsa da shiga tun ranar da malamin firamare ya jera su ya kai su. Malam Na-Riga-Ka-Sani ya zo wucewa, ya tsaya ya tambaye shi ko ya san cewa Lucien Bonaparte, ƙanen Napoleon, ya zauna a tsare a gidan Dinham House da ke nan garin a 1811. Mai tumatir ya ce to, ai kusa da nan yake ajiye motarsa, kuma in Malam ba sayen tumatir zai yi ba ya ɗan matsa, ya tare wa mutane hanya.