Sannunku da Ƙoƙari, Masu Kiwon Kifin Zaki

Akwai bayin Allah da duniya ta daɗe tana danne musu haƙƙin yabo, kuma a sahun gaba akwai masu kiwon kifin zaki a falo. A Amurka da Turai suka fi yawa. Mutum ne zai dubi gidansa, ga kare, ga kyanwa, ga talabijin bango guda, ya ce har yanzu da saura, shi teku yake so kusa da kujerarsa. A cikin halittun tekun ma ba zai zaɓi kowa ba sai mai ƙayoyi 18 masu dafi: 13 a gadon baya, 3 a ƙasa wajen wutsiya, 2 a gefen ciki. Irin wannan himma ai ba a wuce ta ba tare da an cire hula ba.

Kifin dai kyakkyawa ne, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Jikinsa ratsi-ratsi ne, ja da fari da ruwan ƙasa, ga fukafukai dogaye a baje hagu da dama, yana tafe a hankali kamar basarake ya sha babbar riga ranar hawan sallah, ba ya sauri don kowa. Masu shirin talabijin na Star Trek ma sai da suka ajiye guda a ofishin Kyaftin Picard, har da raɗa masa suna Livingston, don a san cewa ko a sararin samaniya babban mutum ba ya zama babu shi. Asalinsa tekun Indiya ne da yammacin Fasifik da Bahar Maliya. Alhajin da ya taɓa tsayawa a gaɓar Jidda yana shan iska ya yi maƙwabtaka da shi bai sani ba. A can gida kifin yana zaune da kima, bai cika yawa ba, kuma ƙananan kifaye sun san fuskarsa tun kaka da kakanni, suna hango shi su watse.

To amma zaman gida ai ƙauyanci ne. Shi ya sa masu sha'awa suka ɗauki nauyin nuna masa duniya. Kusan duk kifin zakin da ke shago daga teku aka kamo shi, galibi a Indonesiya da Filifin, domin ba a saba hayayyafa shi a tanki ba. A jefa shi cikin leda, a hura iskar oksijin, a ɗaure, a jera a kwali, a ɗora a jirgin sama. Wanda ya isa da rai ya ga Los Angeles. Wanda bai isa ba, an riga an saka kuɗinsa a farashin ɗan'uwansa, saboda haka ba wanda ya yi asara.

Sai hidima. Kifin da aka saya bai wuce tsawon yatsa ba zai kai kusan santimita 38, don haka masana sana'ar suna cewa a tanadi tankin gilashi mai cin lita 450 ko fiye. Ruwan famfo bai isa ya shiga ba sai an tace shi tas, sannan a auna gishiri na musamman, wajen giram 35 a kowace lita, wato kusan kilo 16 kafin tanki ya cika. A bar shi makonni babu kifi har ƙwayoyin halittar da ke cinye dattin ruwa su zauna. Ga hita mai riƙe ɗumin ruwa a wajen digiri 25, ga famfo, ga matata, ga na'urar da ke kwashe ƙazanta da kumfa, ga fitila, dukkansu a kunne dare da rana. Duk mako ɗaya ko biyu a kwashe wani kaso na ruwan a haɗa sabo. Idan wuta ta ɗauke aka daɗe, a shiga neman janareto da tsakar dare. Mutumin da bai taɓa leƙa maƙwabcinsa da ke jinya ba, sai ga shi durƙushe yana ɗiga magani a kwalba don ya ga launin ruwan kifi. Wa ya ce tausayi ya ƙare a duniya?

Lokacin ciyarwa ne ake kiran baƙi su matso. Maigida ya saki ɗan kifi ko jatan lande a ruwa. Kifin zaki ya juyo, ya buɗe fukafukansa ya tare hanya, ya sunkuyar da kai, ya dinga matsowa kaɗan-kaɗan har ya kai abin kusurwa. Wani lokaci ma har fesa masa ruwa yake yi da baki don ya rikice ya juyo da kai. Daga nan ƙiftawa da bisimilla, baki ya buɗe, abinci ya ɓace, sai ɗan motsi a maƙogwaro. Baƙi su tafa. Yara su koyi darasin zaman duniya ba tare da an biya kuɗin makaranta ba. Da safe kuma ƙaramar 'yar gidan ta zo ta ce, "Baba, ina ɗan kifina mai ruwan lemo?" Uban ya ce wataƙila ya shige bayan dutse ne. Ƙa'idar ɗaya ce tal: duk abin da zai shiga bakinsa abinci ne, bakin kuwa ya fi yadda ido ke ƙiyastawa, tumbinsa kuma yana iya buɗewa har ninki 30. Wasu masu kirkin sukan ɗora shi a kan jajayen kifayen ado na ruwan daɗi saboda araha, waɗanda ke lalata masa bitamin B1 a jiki, har ya kamu da ciwo. Shi ma gata ne, ai ba kowane kifi ne yake mutuwa da ƙoshi ba.

Kifin kuma bai iya butulci ba, yakan rama alheri. Maigida ya zura hannu yana goge gilashi, hankalinsa na kan ƙwallon da ake bugawa a talabijin, sai ƙaya ɗaya ta shafe shi a yatsa. Raɗaɗin yana hawa har kafaɗa, hannu ya kumbura suntum, gumi ya karyo. Maganin farko shi ne a tsoma hannun a ruwan zafi, gwargwadon abin da fata za ta jure, wajen digiri 45, na rabin sa'a ko fiye, sannan a nufi asibiti. Da wuya dafin ya kashe mutum, sai dai ya bar shi da labarin da zai riƙa bayarwa a wurin liyafa. Kare dai sai ya lashe maka hannu.

Duk wannan sharar fage ce. Babban abin da ya ɗaga darajar waɗannan mutane shi ne taushin zuciya. Kifin zaki yana iya shekara goma ko fiye, sha'awar ɗan Adam kuwa ba ta cika kaiwa nan ba. Wata rana za a wayi gari kifi ya cika tanki, ya cinye abokan zama, kuɗin lantarki ya hau, ga sauyin wurin aiki zuwa wata jiha, ga uwargida ta ce ko ita ko shi. A koma shago, mai shago ya ce, "Yallaɓai, mu sayarwa muke yi, wannan ƙaton ina zan kai shi?" Mai ƙeƙasasshiyar zuciya da sai ya kashe shi kawai. Mutumin kirki ba zai iya ba. Sai ya zuba shi a bokiti, ya sa a bayan mota, ya nufi bakin ruwa da yamma, ya karkata bokitin a hankali, ya yi masa fatan alheri. Cewa wannan tekun Atlantika ne, shi kuwa kifin ɗan wancan gefen duniya ne, ai wannan batun masu taswira ne. Ruwa ruwa ne, gishiri gishiri ne. Ya koma gida da sanyin rai, ya 'yanta bawa.

A shekarar 1985 aka fara ganin kifin zaki a ruwan Dania Beach da ke jihar Florida. Daga baya wani labari ya bazu cewa guguwar Andrew ce ta fasa wani tanki a bakin Biscayne Bay a 1992, kifaye shida suka zube a teku. Labarin ya yi wa kowa daɗi, domin guguwa ba ta da lauya, aka shafa mata kashin kaji aka huta. Ni dai ban yarda a ƙwace wa masu aiki ladansu a ba iska ba. Shekara bakwai kafin guguwar kifin yana nan, kuma masana sun fi karkata ga cewa masu kiwo ne suka riƙa saki. Binciken ƙwayoyin gado ya ƙara musu girma, domin ya nuna cewa duk wannan zuri'a daga 'yan tsirarun iyaye ta fito. Mutane kaɗan, da bokiti kaɗan, suka sauya teku guda. Gwamnatoci nawa ne suka kashe biliyoyi ba su bar tarihi irin wannan ba?

Albarkar abin sai ta yi ta bunƙasa. Zuwa 2000 an gan shi a North Carolina da Bamuda, a 2004 ya sauka Bahamas, kafin 2010 ya karaɗe Karibiyan ya leƙa Tekun Meziko, a 2014 aka kama shi a Burazil. Macen tana saka ƙwai duk bayan 'yan kwanaki, a shekara ta zubar da kimanin miliyan 2, igiyar ruwa kuma ta yi musu jigila kyauta. Yana zaune a ruwan da bai kai gwiwa ba, yana zaune a zurfin mita 300, har bakin kogi yana shiga inda gishiri ya ragu. A wasu wurare a Bahamas an ƙirga kusan 400 a hekta ɗaya, abin da ko a mahaifarsa bai taɓa mafarki ba.

Su kuwa kifayen Atlantika, karamcinsu ya kai a yi musu addu'a. Ba su taɓa ganin irinsa ba, don haka ba su san abin gudu ba ne. Sai su tsaya suna kallon ado har ado ya haɗiye su. A 2008 Mark Albins da Mark Hixon na Jami'ar Jihar Oregon suka wallafa abin da suka gani a Bahamas: kifin zaki ɗaya a kan ɗan tudun murjani ya rage ƙananan kifayen da ke tasowa da kashi 79 cikin 100 a mako biyar. Wani binciken da ya fito a 2012 ya tarar cewa a kusa da tsibirin New Providence, nau'o'in kifi 42 da yake ci sun ragu da kashi 65 cikin 100 a shekara biyu. Dubi tsafta! A da wurin cunkus yake, kifaye kala-kala suna kai da komo har ido ya gaji. Yanzu an samu sarari. Cikin waɗanda yake lamushewa akwai 'ya'yan kifin aku, masu kiwon gansakukar da ke rufe murjani, don haka gansakuka ma ta samu ta miƙe ƙafa. Akwai kuma 'ya'yan manyan kifayen da masunta ke rayuwa a kansu. Masu bincike a North Carolina da suka feɗe wasu sun iske cikinsu dam da kitse, alamar baƙo ya ji daɗin masauki.

Masu ƙorafi za su kawo maganar masuncin Bahamas ko na Jamaika ko na Honduras, wanda bai taɓa mallakar tankin gilashi ba, bai san ma ana yi ba, amma shi ne komarsa ke dawowa ba nauyi, shi ne kuma ƙaya ke soka idan ya zura hannu a tarkonsa. Su ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sun manta da ayyukan yi da aka samar. Tun 2009 ƙungiyar REEF take shirya gasar farautar kifin zaki, ana ba da kyauta ga wanda ya fi kisa. A wata gasar ta garin Destin da ke Florida a 2023 an fitar da sama da 20,000. Kifin ba ya yawan cin ƙugiya, saboda haka dole mutum ya goya tukunyar iska, ya nutse, ya soke su ɗaya bayan ɗaya da mashi, wanda hakan motsa jiki ne. Hukumar kula da teku ta Amurka, NOAA, ta fito da kamfe na a ci shi, tunda dafin a ƙaya yake, naman fari ne mai daɗi. A 2016 kantunan Whole Foods na Florida suka fara sayar da shi. Mata a Belize suna yin 'yan kunne da fukafukansa. Injiniyoyi sun ƙera mutum-mutumi mai nutso ya sume shi da lantarki ya zuƙe. A tsibirin Roatan har makaranta aka buɗe wa kifayen shak, masu nutso suna miƙa musu kifin zaki a bakin mashi ko sa koyi cinsa. A wurare da dama da aka gwada irin wannan, ɗaliban sun fi saurin gane cewa inda mai nutso yake, nan abinci yake, suka koma bin malamai. Duk wannan harka daga ina ta samo tushe in ba daga falon wani bawan Allah ba?

Don adalci, kada a jingina musu abin da ba su yi ba. Kifin zakin da ya addabi Bahar Rum, wanda ya sake ɓulla a Labanon a 2012 ya bazu zuwa Saifurus da Girka, ana ganin ta mashigin Suwez ya bi da kansa daga Bahar Maliya. Wannan ladan masu haƙa ne.

Abin takaici, sakayyar da Florida ta yi wa gwarazanta ita ce doka. Daga 1 ga Agusta 2014 ta haramta shigo da kifin zaki mai rai cikin jihar, shekara 29 bayan ganin na farko, ihu bayan hari. Allah ya sa sauran wurare da yawa ba su ɗauki wannan rashin godiya ba, har gobe kana iya zaɓar naka a intanet a kawo maka ƙofar gida cikin kwali.

Da ni ake shawara, da an kafa mutum-mutumin tagulla a gaɓar Dania Beach, mutum riƙe da bokiti ya karkata shi, a rubuta sunayen ƙasashen da suka amfana a ƙasa. Matsalar kawai ita ce fuskar da maƙeri zai zana, domin kunya da gudun riya sun hana ko mutum ɗaya fitowa ya ce shi ne. Sai dai a yi shi ya juya baya, yana fuskantar wurin ajiye motoci.