Romon Kaza da Dokokinsa a Italiya

A Italiya kana iya zagin gwamnati tun safe har dare, ba wanda zai ɗaga kai ya dube ka. Amma kuskura ka jefa kaza cikin tafasasshen ruwa ka ce romo kake yi, ranar za ka san unguwa na da dattawa.

Abin da ake wannan jidali a kansa bai taka kara ya karya ba: kaza, albasa, karas, reshen seleri, ruwa da gishiri. Ko attaruhu babu. Romon yakan fito garau, rawaya-rawaya, har kana hango gindin kwano. Dokokin da aka gindaya masa ne suka fi kayan haɗin yawa. Da ruwan sanyi ake farawa, don naman ya saki daɗinsa sannu a hankali. Pellegrino Artusi ya rubuta haka a littafin girkinsa na 1891, da romo ma ya buɗe jerin girke-girken, kuma har yau kowace tsohuwa na faɗin dokar kamar ita ta sanar da shi. Wuta ƙasa-ƙasa, awa uku ko huɗu, tukunya na ɗan motsi kawai, domin in ta ɓararraka romon ya dagule. Kumfar da ke tasowa kuwa sai an tsaya da ludayi ana kwashe ta, tsayuwa irin ta mai gadin banki. Kazar ma ba kowace ba. Tsohuwar da ta gama ƙwai ake so, in Kirsimeti ne kuma fiɗiyayyen zakara. Wannan ce kaɗai ma'aikatar da na sani inda tsufa ke ƙara wa ma'aikaciya daraja.

Amarya ce ke shan wahalar. Ta bi doka ɗaya bayan ɗaya, ta tace, ta kwashe maiƙo, ta kawo. Surukarta za ta kurɓa, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ba laifi, 'yata. A garinku haka kuke yi?" Angon, gemai-gemai da shi, sai ya sunkuyar da kai cikin kwano, don ya san duk amsar da ya bayar ba zai kwana lafiya ba.

Abin da ake zubawa cikin romon wani yaƙin ne daban. Mutanen Roma na kaɗa ƙwai da cuku su tsiyaya a ciki, yaro marar lafiya kuma a ba shi da mitsi-mitsin taliya. Bolonya da Modena kuwa sun daɗe suna ja-in-ja kan wa ya ƙirƙiro tortellini, 'yar naɗaɗɗiyar taliya mai nama a ciki. Ranar 7 ga Disamba 1974 mutanen Bolonya suka kai tsarin haɗin naman cibiyar 'yan kasuwar garin aka yi masa rajista. Wasu na rajistar fili, su abincin rana suka kai. A 2019, da aka ce za a yi wasu da naman kaza maimakon na alade a bikin waliyyin garin, don Musulmi ma su ci, sai ƙura ta tashi. Ɗan siyasa Matteo Salvini ya yi ta kumfar baki cewa ana son shafe tarihin ƙasa. Tarihin daular da ta mulki Bahar Rum, wai tsokar kaza za ta shafe.

To, duk wannan a bainar jama'a ne. Buɗe durowar kicin ɗin uwar masu dokar, can bayan gwangwanin kofi, da wuya ka rasa dunƙulen Star, kamfanin da aka kafa a 1948 ya kuma cika ƙasar da romon minti biyu. Shi kansa Julius Maggi, wanda sunansa ke cikin kowace miya a ƙasar Hausa, ɗan Suwizalan ne amma mahaifinsa daga Italiya ya fito. Sai dai in ka tambayi surukar dunƙulen na mene ne, za ta rantse da kabarin kakarta cewa amarya ce ta sayo.