Rigar Kakana Ba Ta Shan Ruwa

A gidanmu na Magarya, da aka zo rabon kayan marigayi kakana, wasu suka samu gona, wani ya samu amalanke, ni kuwa kakata ta jawo adaka daga ƙarƙashin gado ta miƙo mini kore. Riga ce ta saƙin hannu, ƙwarya-ƙwarya siriri aka harhaɗa da allura, aka rina ta da baba har ta yi baƙi, sannan masu bugu suka dake ta da shuni sai ƙyalli take. Aikin Kura ne ta ƙasar Kano, garin da Buzayen Agadas suka daɗe suna sayen rawaninsa da turkudinsa. Tun 1851 Bature Barth ya ga wannan ciniki a Kano ya yi ta yabo. Ni dai abin da na gani shi ne damar da zan nuna wa abokan aikina, mushen lakwal, wato malaman makaranta, masu ƙananan kaya, cewa ni ɗan asali ne.

Kakata ta ce, "Kai mijin banza, wannan ba ta shan ruwa. Inuwa take so da iska." Na ce to, hankalina yana kan madubi.

Damar ta zo a watan Afrilu, ɗaurin auren taubashina a Dungas. Duk wanda ya san bazarar ƙasar Damagaram ya san ko ƙadangare neman gindin bango yake. Na zura rigar a kan farar taguwa, na hau kabu-kabu, iska ta cika hannayen rigar har ɗan kabu-kabun ya roƙe ni in tattare su kada mu tashi sama. Kafin mu isa, gumi ya yi aikinsa. Shunin kore a saman zare yake zaune, buga shi aka yi, saboda haka da ya ji danshi sai ya bi jiki. Wuyana ya rine, taguwa ta rine, na share goshi da hannun riga goshin ma ya karɓi rabonsa. Ban sani ba, ina ta murmushi ina ɗaga wa jama'a hannu, ina jin daɗin yadda kowa ke kallona.

Da aka shafa fatiha na kutsa na rungume ango. Farar shadda ce a jikinsa, sabuwa fil, an sha mata aiki a wuya. Da na sake shi, ga tafin hannuna biyu a bayansa, yatsu goma cif, ga kuma taswirar ƙirjina a gabansa. Ya dubi rigarsa, ya dube ni, ya ce, "Mushe, ai da ka bari na kai wa amarya gaisuwa kafin ka sa mini hatimi." Dattawa suka yi ta dariya cikin rawani. Wani tsoho dai ya kama gefen rigar ya murza, ya ce rabonsa da ganin irinta tun zamanin Shugaba Jori Hamani, kuma a lokacin masu ita da sanyin safiya suke sawa, su tuɓe kafin hantsi.

Na dawo gida da haushi, na yanke wa rigar hukunci: tunda zuba take, bari in wanke zubar gaba ɗaya. Na jiƙa ta a bahon roba da garin sabulu, na cuɗa, na murɗe, na shanya a tsakar rana. Ruwan da na zubar ya bi kwata har ƙofar maƙwabci, agwaginsa suka yini da shuɗin ciki. Rigar ta bushe ta koma toka-toka, ƙyallin ya tafi, ɗinkin ƙwarya ya saki a kafaɗa.

Matata, wadda fim ɗin Indiya ya mayar masaniyar tufafi, ta tsaya a kaina tana karatu. Wai matan Bangal masu sarin auduga na saƙin hannu, irin na Shantipur, ruwan sanyi suke sa masa, su ba shi sitacin ruwan shinkafa, su shanya a inuwa, ba mai murɗe shi. "Su da nasu ke son ruwa ma lallaɓa shi suke, Malam, balle naka da aka ce maka ba ya so."

Yanzu rigar tana hanyar Kano ta Babura, a hannun wani direba, za a sake rina ta a sake bugu. Kuɗin da aka yanka mini ya isa shadda mai kyau, ga kuma ta ango da na yi alkawarin biya bayan albashi. Kakata da ta ji labari ba ta yi faɗa ba. Ta aiko yaro ya karɓi makullin adakar, ta ce akwai rawani a ciki, kuma ta fasa aurena, ƙanena za ta aura.