Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Megabit

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana nan lafiya a kan kwalaye da allunan talla inda ka saba kishingiɗa. Ni talakanka ne, mai shagon tura fina-finai da wa'azi a mararrabar Lambata, inda hanyar Lapai da Bida ta rabu da ta Suleja zuwa Minna. Jiya da daddare ka sa an yi mini kallon ɓarawo a gaban maƙwabta, shi ya sa na ɗauki biro.

Wani direban tanka ne ya tsaya, za shi Bida, yana son tafsiri da fim mai dogon zango a memori, gigabayit 3. Ba ni da su a kwamfuta, sai an sauke. Yaron motarsa ya leƙa wayata, ya ga gwajin gudun intanet ya nuna 40, ya buga lissafi da ka: 3,000 a raba 40, sakan 75. "Oga, minti ɗaya da 'yan kai ne." Direba ko mota bai kashe ba. Bayan minti biyar ana rabi. Na ce, "Oga direba, haƙuri za ka yi, wannan 40 ɗin sai an raba ta gida takwas." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, Malam, wa zai ci kashi bakwai ɗin? Kai?" Mai shayi har da riƙe ciki. Ana saura ƙiris aka ɗauke wuta, rauta ta mutu, direba ya karɓi memorinsa wayam ya ja mota.

Masu wuta ba ni da lokacinsu yau. Ramukan hanyar Bida ma su jira layi. Da kai nake.

Na san asalinka, ranka ya daɗe, ba shege ba ne kai. Sunan kakanka bit ya fito a takardar Claude Shannon ta 1948, shi kuma bayit wani injiniyan IBM, Werner Buchholz, ya raɗa masa suna a 1956, daga baya duniya ta tsaya a kan cewa bit takwas ne bayit guda. Na kuma yarda masu layin waya suna da hujja, tunda a kan waya ɗaya bayan ɗaya bit ke wucewa. Tsohon layin nan E1 hanyoyi 32 gare shi, kowace bit 64,000 a sakan, jimla megabit 2.048, wato kilobayit 256. Na Amurka, T1, 1.544 ne. Injiniyoyi sun san wannan, suna magana tsakaninsu, ba wanda aka cuta.

Amma wa ya aike ka kasuwa? Wa ya ce ka hau kwali ka tsaya gaban mutumin da duk abin da ke wayarsa da bayit ake auna shi? Hoto da bayit, fim da bayit, memori da bayit. Datar da nake saye, wadda aka amince a ƙara wa kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ita ma da gigabayit ake cire mini ita. Wajen karɓar kuɗi a fito da babban ma'auni, wajen cika baki a turo ka, don lambarka ta fi kumbura sau takwas. Da a ce mai doya a kasuwar nan ya yanka kowace doya gida takwas, ya ƙirga yanka ɗari ya ce ga ƙwarya guda, da tuni yana gaban Sarkin Kasuwa yana rantse-rantse. Kai kuwa abin da ya raba ka da ɗan'uwanka megabayit a rubuce, ƙaramar b da babbar B ne kawai: Mbps da MB/s. A ƙaramin allon waya mai tsagaggen gilashi, ƙarfe goma na dare, fitilar tirela na dukan ido!

Kuma ko takwas ɗin ba ka tsaya a kai ba, maƙaryaci. Ramin USB 2.0 na tsohuwar kwamfutata an ce megabit 480 ne. A raba takwas, 60, amma ko 40 ba ya kaiwa a aikace. Na je Suleja na sayo mai shuɗin baki, USB 3.0, gigabit 5. Na raba takwas na ga 625, sai aka ce a'a, a nan kowane bit takwas sai an yi masa rakiyar biyu, a raba goma, 500 ke nan. Wayar SATA da ke cikin kwamfuta haka take, gigabit 6 a baki, megabayit 600 a hannu. Yau takwas, gobe goma. Shi ma memorin da aka zana wa 10 a cikin da'ira, alkawarinsa megabayit 10 ne a sakan, ko da aikin jiya ya sauka sai direba ya ƙara jiran wajen minti biyar ina juye masa. Shi dai ya faɗi gaskiyarsa da ma'aunin da muke ganewa. Filashi mai 64 da ke nuna 59 da ɗoriya, wannan wata shari'ar ce.

Ba na neman ka yi murabus. Ka zauna a ofishin injiniyoyi da mutuncinka. In kuwa dole sai ka fito talla, ka roƙi Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta sa a rubuta lambobin biyu gefe da gefe, da manyan baƙaƙe, yadda yaron mota zai karanta daga saman tanka: 40 ɗinka 5 ce, fim mai gigabayit 3 minti goma ne, in sabis bai girgiza ba.

Naka cikin takaici,
Mai shagon turi, mararrabar Lambata